Cokalin Benedita

Ku 'yan matan da kuka sauko jirgi bara, na ji abin da kuke faɗa a motar kamfani. Wai jinyar gida hutu ce: a ba ki tsohuwa ɗaya tal, a kunna miki na'urar sanyaya ɗaki, ki miƙe ƙafa kina latsa waya har lokacin tashi ya yi. Ɗayarku ma cewa ta yi da ita aka ba aikina da tuni ta yi ƙiba. Ban tanka ba a lokacin don bakina cike yake da burodi. Yanzu na haɗiye.

Sunana Rifkatu, daga Zonkwa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin nas a gida kafin in zo Doha, a nan kuma na daɗe ina bin gidajen mutane ina jinyar tsofaffinsu. Jakata ba ta da nauyi. Akwai na'urar awon jini, da ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa ya nuna iskar da ke jiki, da agogon ƙirji, da man shafawa, da ƙaramar tocila, sai cokalin shayi guda biyu. In kun ga kayan sai ku ce kowa ma zai iya. To, a baki ake hawan ƙaho.

Wadda ta koya mini aikin nan Sista Hannatu ce, a wani asibitin mishan kusa da garinmu. Gajeriya ce, muryarta ta fi ta girma. Makona na farko ta sa ni gyara gadon wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye. Na ja zanin gado, na kakkaɓe, na koma gefe ina jiran yabo. Ta shafa da tafin hannu sau ɗaya, ta ce in biyo ta. Ta kai ni wani gado da babu kowa, ta jefa ƙwayar masara ɗaya ƙarƙashin zani, ta ce in kwanta a kai, kada in motsa sai ta dawo. Da farko dariya nake yi a raina. Kafin awa ta cika da an tambaye ni sai in rantse ƙusa ce. Da ta dawo ta ce, "Ke kina da bakin ƙorafi, kina da ƙafar gudu. Baban can ba shi da ko ɗaya. Wuce ki sake gyara gadon." Washegari kuma ta kwantar da ni rigingine, ta yi ta ɗura mini koko da babban cokali tana hira da wata, har na ƙware, ga hawaye ga majina. Tun ranar ban ƙara ba mara lafiya abinci a kwance ba, ban kuma ƙara ba shi ina kallon wani wuri ba.

Juya mara lafiya duk bayan awa biyu, da duba dugaduginsa da ƙugunsa da bayan kunnensa da tocila kafin fata ta yi ja, wannan duk a wata shida kin ƙware. Ciyarwa ce ke ɗaukar shekaru. Ki zaunar da shi sosai, haɓa ta ɗan sunkuya. Abinci kada ya yi ruwa, kada ya yi tauri. Rabin cokali kawai, ki sa ta ɓangaren bakin da ke da rai, sannan ki zuba wa maƙogwaro ido sai kin ga ya hau ya sauka. In kin gama ki leƙa kumatu, domin wasu can suke ɓoye abinci kamar birai. Duk wannan ma in ya yarda ya buɗe bakin ke nan. Na yi wani dattijo a wani tsohon gida a unguwar Al Asmak da ba ya taɓa komai sai an fara miƙa masa gahawa a ɗan ƙaramin kofi, ko da shinshinawa kawai zai yi. Kwana uku na yi ina kokawa da shi kafin matarsa ta ji tausayina ta gaya mini. Kowane tsoho da ƙofar da ake bi a shiga wurinsa, kuma ba a rubuta ta a katin likita.

Gidan da ya fi koya mini wannan yana unguwar Al Mirƙab, hawa na bakwai. Na shiga can ana saura 'yan makonni korona ta rufe gari. Mai gidan ɗan Brazil ne, matuƙin jirgin sama, kowa Kyaftin yake ce masa. Ya ɗauko mahaifiyarsa, Dona Alzira, daga ƙasarsu bayan shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Dona ɗin nan kamar yadda muke cewa Madam ne. Farar tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗoriya, hannun dama ya mutu, magana ta ragu sai kalma biyu ko uku, amma idonta na nan da kaifinsa.

Wadda ta buɗe mini ƙofa ranar farko baƙa ce kamata, mai jiki, da furfura a goshi, ta kai sittin. Har na buɗe baki zan ce mata sannu da gida. Kyaftin ya dafa kafaɗarta ya ce, "Sista, wannan Benedita ce. Bene ba 'yar aiki ba ce, 'yar gida ce. Ita ta goya ni." Na gaishe ta da ladabi. Ta karɓi jakata, ta nuna mini banɗaki, ta koma kicin.

Ba ta jin Turanci sai kaɗan, ni kuma ko zo in kashe ki ban sani ba da yarensu. Da waya muka fara, ta yi magana wayar ta fassara mini shirme, in yi magana ta fassara mata shirme, mu kwashe da dariya. Kafin shekara mun haɗa namu yaren: Turanci kaɗan, Larabcin kasuwa kaɗan, sauran da hannu da ido. Ta iya cewa sannu, ta iya cewa wahala. Ni kuma Mama Bene nake ce mata.

Aikin ya zo mini da sauƙin da ya kamata ya sa ni zargi. Ni ke wanka da juyi da magani da motsa gaɓoɓi. Amma in lokacin abinci ya yi sai Bene ta shigo da tire, ta yi mini murmushi, ta ce, "Sista, yalla, je ki sha shayi." Ta rufe ƙofa. Bayan minti arba'in ta fito da kwano wayam. Ni kuwa na samu banza, sai in rubuta a takarda cewa ta ci da kyau, in ci gaba da shan shayina. Wannan shi ne kuskurena, kuma da Sista Hannatu na kusa da ta ja mini kunne har ya tsinke.

Muguwar shekara ta same mu a haka. Jirage suka ragu, Kyaftin ya koma zaman gida yana safa da marwa a falo. Kamfaninmu ya ce duk wadda ke gidan tsoho ta tare can gaba ɗaya, kada ta kwaso cuta a hanya. Wasu ƙawayena aka sallame su, don iyalai sun tsorata da baƙuwar fuska. Wata huɗu ban taka ƙasa ba, coci ma a waya muke yi. Duk da wankin hannun da muka yi har fata ta tsage, sai da cutar ta shigo, kuma Bene ta kama. Aka killace ta a ɗakin baya mako biyu.

Ranar farko na ɗauki tire na shiga da ƙarfin gwiwa. Na zaunar da Dona Alzira yadda littafi ya ce, na ce mata barka da asuba, na miƙa cokali. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta datse baki. Na canza cokali. Na canza abinci. Na yi waƙa, na yi rawa, ni da girmana. Kyaftin ya zo ya durƙusa yana roƙonta da yarensu, ta kawar da kai. Kwana uku ruwa kaɗai take kurɓa. Likita ya zo ya sa mata robar abinci ta hanci, ta sa hannun hagu ta fizge. Ya sake sawa, ta sake fizgewa. A mako biyun nan ta zube har zobenta ya fara faɗuwa daga yatsa, fatar ƙugunta ta fara ja, wadda ban taɓa bari ta yi ba. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji tsoro. Ranar da Bene ta fito, tana jan ƙafa tana haki, ta karɓi tiren ta rufe ƙofa. Ta fito da kwano wayam.

Daga ranar kowa a gidan ya san abin da ba wanda ya furta: in Bene ta bar gidan nan, tsohuwa ba za ta yi wata ba.

Labarin yadda aka yi haka a bakin tsintar wake na ji shi. Mutanen Brazil in ba su ci wake a rana ba gani suke yi ba su ci abinci ba, don haka kullum da la'asar muna zaune a kicin da faranti a cinya. Na tambaye ta yaushe ta fara aiki a gidan. Ta yi dariya.

"Sista, ban fara ba. A ciki aka haife ni."

Ta ce kakar uwarta baiwa ce a gonar rake ta kakannin Kyaftin. Ranar da aka yi shelar bauta ta ƙare, ta ɗaure ƙunshinta ta fita har bakin hanya, ta zauna a gindin wata bishiya. Babu gona, babu ɗaki, babu mai ba ta aiki sai waɗanda ta baro. Tana nan zaune har rana ta karkata, sai ta tashi ta koma ta hura wutar girki. Tun daga nan duk 'yar da aka haifa a ɗakin bayan kicin, matan gidan ne ke riƙe ta a baftisma. Su za su saya mata takalmi, su kai ta asibiti, su yi mata magana a wurin hukuma, su binne ta in ta mutu. Ita kuma ta girma ta ɗauki tukunyar da uwarta ta ajiye. Dona Alzira tana amarya ta riƙe Bene a gaban Fada a coci, shi ya sa Bene ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai Madrinya, wato uwar baftisma.

"Suna ƙaunarki kuwa?" na tambaye ta.

"Sosai," in ji ta. "Ni ma ina ƙaunarsu. Wahalar ke nan."

Abin bai zame mini baƙo ba. Mu ma a gida mun san irin wadda ake nuna wa baƙi a ce ai 'yar gida ce, amma in an tashi ɗaukar hoton biki ita ke riƙe wa mutane jakunkuna.

Bene na da 'ya ɗaya, Luana. Ita kaɗai ce a zuri'arsu ba a ba masu gida ba. Ranar baftismarta Bene ta miƙa ta ga ƙanwarta, Dona Alzira ta yi wata uku tana gaba da ita. A hannun ƙanwar nan yarinyar ta girma a birnin Salbado, uwar tana can tana goyon 'ya'yan wasu, sai Kirsimeti take ganinta. Luana ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, ta yi aure. A shekarar Kofin Duniya ta samu ciki, haihuwa kuma ƙarshen Disamba. Ta gina wa uwarta ɗaki a gidanta. Kullum sai ta turo hoto: yau an sa taga, gobe an yi fenti, jibi an kawo gado. Wata rana ina jinta a waya tana cewa, "Mama, lokacin da nake ƙarama ba ki nan, na yafe. Wannan karon ki zo." Bene ta amsa da to, ta kife wayar, ta ci gaba da tsintar wake.

Kyaftin ba mugu ba ne. Da na tare shi da maganar ya ce, "Sista, ba wanda ya ɗaure ta. Takardunta na hannunta, kujera a jirgi kuwa yau in ta so. Ki sa mahaifiyata ta ci abinci a hannunki, khalas, shi ke nan, ni da kaina zan kai ta filin jirgi." Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, ya kuma san abin da ya ɗora mini.

Na koma aiki gadan-gadan. Na roƙi Bene ta bar ni in zauna a ɗakin lokacin ciyarwa. Ta yarda, amma kullum sai ta aike ni ɗauko tawul ko ɗumama ruwa, in na dawo an riga an fara. Na kwaikwayi zamanta, da yadda take riƙe cokali, da yadda take dama wake da shinkafa. Har turarenta na shafa. In na karɓi cokalin a tsakiya tsohuwa ta ci ɗaya ko biyu, sai ta gane, ta datse. Wata biyu muna haka.

Ana cikin haka gasar Kofin Duniya ta zo Doha, gari ya cika ya batse. Dangin Kyaftin suka sauka mana su goma sha ɗaya, kowa da riga ruwan ɗorawa, har da mai ganga. Katifu har bakin banɗaki. Duk wanda ya shigo sai ya rungume Bene ya ɗaga ta sama yana ihu wai ga uwarsu ta biyu, in ya sauke ta kuma ya miƙa mata ledar wanki. Ta dafa wake tukunya guda kamar ta gidan biki, tana rawa a bakin murhu. Ni ma an ba ni riga, na sa a kan farin kayana, na zama kamar ƙwai da aka fasa. Dona Alzira ta ji daɗin hayaniyar, in an buga ganga har ƙafar hagu take motsawa. Amma ina lura da Bene, duk sanda ta wuce kalandar kicin sai ta kawar da ido.

Ranar da haƙurina ya ƙare, ta sake cewa in je in ɗauko tawul. Na ce, "Mama Bene, tawul na kafaɗata. Ruwa ga shi nan da ɗumi. Ba ita ce ta ƙi ci a hannuna ba, ke ce ba ki so ta ci."

Ta ajiye tiren da ƙarfi har cokali ya yi tsalle. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, shayina ma ta daina sa masa madara. Na ce a raina, Rifkatu, bakinki ya ja miki.

A rana ta uku Brazil na da wasa, tun bayan azahar gidan ya watse, suka bi jirgin ƙasa da gangarsu. Muka rage mu uku. Bene ta same ni a kicin ta zauna.

"Sista, in ta ci a hannunki, ni kuma mece ce?"

"Kakar jariri," na ce.

"Ban iya wannan aikin ba."

"Ba wadda aka haifa da shi. Ki je a koya miki."

Ta share ido da gefen atamfar girkinta, sannan ta ce in biyo ta, in tsaya a bakin ƙofa kada in yi motsi. Ta ajiye tiren nesa da gado. Ta matsa ta ɓangaren hagu, ta sunkuya, ta ɗauki hannun tsohuwa mai rai ta sumbaci bayansa, ta ce a hankali, "Bensa, Madrinya." Wato ki sa mini albarka. Sai na ga Dona Alzira ta miƙe wuya, fuskarta ta cika. Matar da ba ta iya cewa ruwa, ta buɗe baki ta faɗi jimla cikakkiya: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Bene ta jawo tire, baki ya buɗe da kansa.

Ashe abin ke nan. Al'adarsu ce yaro ya nemi albarkar babba kowace safiya, 'yar baftisma kuwa har ta tsufa ba ta bari. Dona Alzira duk rayuwarta ita ke bayarwa. Yanzu ba ta da abin bayarwa sai wannan, kuma ba za ta karɓi ko loma daga hannun wanda ba ta fara ba shi wani abu ba. Ni kuwa kusan shekara uku ina shigo mata da barka da asuba da cokali a gaba, kamar mai rabon sadaka.

Ba zan ɓoye muku ba, abin bai kwanta mini ba. Ni da takarduna, ni da ba a haife ni a bayan kicin ɗin kowa ba, in sunkuya in sumbaci hannun Baturiya, bayan labarin da na ji a bakin wake? Na faɗa wa Bene haka. Ta ce, "A garinku ba ku durƙusa wa tsofaffi?" Na ce muna yi, har ƙasa. Ta ce, "To, tsohuwa ce. Ni in na yi, tarihi ne. Ke in kin yi, aiki ne." Sai na yarda in gwada.

Gwajina na farko abin dariya ne. Na je da safar hannu da takunkumi, yadda korona ta saba mana, na dangwala mata takunkumin a bayan hannu na ce bensa. Tsohuwa ta janye hannunta ta goge a bargo, ta harare ni. Bene ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da yamma na wanke hannu har gwiwa, na cire komai, na sake zuwa. Bene ta tsaya a bayana ta ce, "Madrinya, wannan ma taki ce." Tsohuwa ta daɗe tana kallona. Sannan ta faɗi jimlarta. Cokali shida ta ci a hannuna ranar, ina ƙirgawa. Washegari tara. Kafin mako ya zagayo tana cinye kwano, Bene na tsaye a bakin ƙofa, daga baya a falo, daga baya ma sai in tura ta kanti da gangan. Zobe ya zauna daram a yatsa.

Aka fitar da Brazil daga gasa, gidan ya koma kamar an yi rasuwa. Mai ganga har kuka ya yi. A cikin wannan jugum ɗin Kyaftin ya cika alkawari, ya kawo wa Bene tikiti. Ta haɗa akwati ɗaya, rabinsa kayan jarirai ne da ta saya a ɓoye tun watannin baya.

Safiyar tafiya ta yi wanka, ta sa shuɗiyar riga da ban taɓa gani ba, ta shiga sallama kafin karin kumallo. Dona Alzira ta ga rigar, ta ga akwatin a bakin ƙofa. Da Bene ta sunkuya za ta ɗauki hannun, sai tsohuwa ta cusa shi ƙarƙashin bargo, ta juya fuska bango.

"Bensa, Madrinya," in ji Bene.

Hannun bai fito daga bargo ba.

Ta sake faɗa. Kyaftin ya ce, "Mama, don Allah." Ko gezau. Agogo na tafiya, hanyar filin jirgin Hamad kuma a kwanakin nan ba ta da tabbas. Na ga hannun Bene ya kai kan maɓallin rigar nan, na tabbata cirewa za ta yi ta koma kicin. Tun daga kakar uwarta ba wadda ta taɓa fita daga gidan nan ba da yardar masu gida ba. A raina na kira duk waliyyan da na sani.

Sai ta saki maɓallin. Ta gyara wa tsohuwa gashi, ta ja mata bargo zuwa kafaɗa, ta ce, "Madrinya, ba izini na zo nema ba. Sallama na zo yi." Ta sumbace ta a goshi. A bakin ƙofa ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ta ce in riƙa goge mata gefen baki na dama, can yake zuba. Suka fita.

Na koma kicin na dama abinci. In ta ƙi ci yau, na san saƙo zai riski Bene kafin ta hau jirgi, kuma na san dawowa za ta yi. Na ajiye tire nesa da gado, na zagaya ta hagu, na sunkuya na ce bensa, na jira. Na daɗe a sunkuye har bayana ya fara ciwo. Can sai hannun ya fito daga bargo a hankali. Ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Benedita." Ban gyara mata ba. Na ce amin, na jawo tire. Ta ci cokali goma sha ɗaya tana hawaye, ina share mata.

Nan take na aika wa Bene saƙon murya, na ce albarkarki ta fito, na karɓa a madadinki, kuma ta ci. Ba amsa sai washegari da hantsi. Na kunna, na ji hayaniyar mutane da muryar Luana tana dariya a baya.

"Sista, sannu," in ji Bene. "Na ji saƙonki, na gode. Sha ɗaya ya yi kaɗan, ki ƙara mata man zaitun. Amma tsaya ki ji wahala. A jirgi wata yarinya ta zo da keken abinci, ta sunkuyo ta ce mini, Madam, kaza ko kifi? Lokacin zuwanmu Madrinya nake ba wa a baki, abin da ta rage na ci. Wannan karon ni ake tambaya. Sista, shekarata sittin da biyu, tun ina yarinya ina dafa kaza ina dafa kifi, na san wanda kowa yake so a gidan nan. Na yi ta tunani, yarinya na tsaye, ban san wanda nake so ba."

Na mayar mata na ce, to me kika zaɓa?

"Na ce ta kawo duka biyun in ɗanɗana. Kifi ne, Sista. Ashe kifi nake so."